Kakana Da Yaƙ Ƙi Rantsuwa Bisa Ƙuri'a Guda

Daga Allah muke, kuma can za mu koma, da wanda yay yi gaba da wanda ke bisa hanya. Tsoho ya yi gaba. Kakana na, mahaihin babana, kuma shi yar riƙe ni tun da babana yar rasu ina rarrahe. Ranar Laraba da hantsi yac cika bisa buzunai, rediyo na gehe tana ta surutu ba mai saurare.

Ban taɓa ganin jana'iza irin tashi ba. Mutanen da sunka yi shekara biyu da wani abu ba su ce mai ina kwana ba, su sunka riga kowa sahun gaba, har da bugun kahwaɗa. Mai gari ya zo zaman makoki da babbar riga, yaz zamna can bakin tabarma kamar an ce mai akwai kunama tsakiya. Yac ce, "Allah shi jiƙan shi. Mutum na mai..." Yad daɗe shina neman kalma. "Mai riƙe abin da yar riƙe." Bai ƙara ba.

Gwaggona ta taho daga Maikujera tana kuka tun daga tasha, in ka ji ta sai ka ce Madatsar Goronyo anka buɗe. Tana shiga cikin gida tat tsaya cak, tat tambayi Tsohuwa, kakata ke nan, "Inna, har su sun zo?"

Tsohuwa tac ce, "Sun zo. Yanzu ai sun san ba shi iya amsa musu."

Baffana, babban ɗan Tsoho, bai yi kuka ba, bai kuma ɗaga kai ba. Duk wanda yay yi mai gaisuwa, tabarma shike ba amsa. Malam, tsohon hedimasta, abokin musun Tsoho tun kahin a haihe ni, ya zo da sandatai yaz zamna shina hushi. Hushi na gaske. Wai mutum shi tashi shi tahi ko sallama babu, ana tsakiyar magana.

Mutum guda ɗai bai hau tabarma ba. Kawun ruga, Bahillacen da ke zamne bayan gonar Tsoho, wanda ubanai da Tsoho tare sunka tashi. Yat tsaya jikin darni da malahwatai a hannu, tun hantsi har azahar, bai shigo ba bai tahi ba. Ba wanda yac ce mai bisimilla sai ni, ni kuwa bisimillata ba ta zamnar da kowa. Duk wanda ke wurin ya san abin da ke cikin rainai. Zaman da shike yi garinmu, shi da matatai da ɗiyanai da 'yan shanunai, da numhwashin Tsoho shike ɗaure. Ga numhwashin ya tsaya. In anka ce shi tashi, ba shi da inda za shi sai daji, kuma kun san su wa ke daji yanzu. Yarenai ba shi cetonai wurinsu. Sun kashe ƙanenai don ya ƙi bin su.

Shi ya sa niz zamna rubuta wanga. Na ji an hwara cewa Tsoho mutum na mai haƙuri, mai son zaman lahiya da kowa. Ƙarya ta. Kada a mai da min kaka wani mutum daban tun ƙasar kabarinai ba ta bushe ba.

Ni ɗan kabu-kabu na. Wurno, Marnona, Goronyo, ba ramin da ban san sunanai ba bisa hanyar ga, akwai ma waɗanda ni nir raɗa musu. Tsoho bai taɓa kirana da sunana ba. Ɗan'adawa shike ce min, don tun ina ƙarami nic ce Tsohuwa matata ta, shi riƙon ƙwarya shike yi. Kullum sahe in leƙa zaure in ce, "Tsoho, wa'adinka ya cika, ka sauka ka ba matasa wuri." Shi ce, "A tambayi mai ƙuri'a." Tsohuwa daga madahwi ta ce tun da ba wanda yak kawo mata ko tsinken itace cikinmu, ita ta ƙaurace ma zaɓen.

Albasa shike nomawa hwadama, can ƙarshen magudanar da ka kawo ruwa daga madatsa. Hannunai, in yag gaisa da kai, sai ka duba ko hwatarka na nan. Bai san baƙi guda na boko ba, amma rediyo ta karantar da shi har ta gaji. Abu biyu ka sa shi hiddo rigar da Tsohuwa ka ajiyewa ƙasan adaka: Idi da zaɓe. Shi sa kwalli, shi shahwa turare har kaji su yi atishawa. Na taɓa ce mai, "Tsoho, layi za ka ko zance?"

Yac ce, "Rana guda cikin shekara huɗu gwamna ka jiran jin abin da zan ce. In tahi mai da tsumma?"

Ya ga zaɓe iri-iri. Ya ga lokacin da mata ba su jehwa ƙuri'a nan wajenmu, kuma ran da anka ce su jehwa, shi yaɗ ɗora Tsohuwa bisa keke yar ratsa tsakiyar gari da ita, maza na yi mai dariya. Ya ga lokacin da ake bin layi bayan hoton ɗan takara a ƙirga kawuna. Yac ce min ran nan su uku sunka tsaya bayan wani hoto, gari duka na ɗaya layin ana kallonsu, kuma kahin mai ƙirga shi iso, biyun sun tuna suna da uzuri. "Tun ran nan nis san amhwanin 'yar kariyar ga da ake ɓuya bayanta a dangwala," in ji shi. "Ta hi akwatin daraja."

Musunsu da Malam kuwa ya girme ni. Gindin dogon yaro bakin masallaci, bayan la'asar, kullum magana guda: ƙasar ga dimokuraɗiyya ta ko jamhuriya?

Malam shi ce, "Dimokuraɗiyya ta. Abin da masu yawa sunka so, shi za a yi. In ba ka so, ka nemi mutane ku hi su yawa."

Tsoho shi ce, "To mi ya sa rediyo ka cewa Jamhuriyar Tarayya? Ado na?"

"Wancan sunan gida na. Dimokuraɗiyya ita ta yadda ake zama cikin gidan. Ba su hwaɗa da juna, kai ɗai ka haɗa su."

"Malam, gonata ƙarshen ruwa take. Mutum goma ke sama da ni. In sun haɗa baki sun toshe magudana ranar Talata, sun hi ni yawa ko ba su hi ni ba?"

"Sun hi ka."

"To Talata ranar ruwana ta. An yanke tun ba a san wa za shi yi yawa ba. Ita ta jamhuriyata. Akwai abin da ko gari duka ya taru, ba shi amshe ma mutum guda."

"Wa yay yanke Talatar? Ba taro ba?"

Nan Tsoho shi tashi shi kaɗe riga, shi ce lokacin ba akuya ruwa ya yi. Gobe a koma. Mu muna gehe muna dariya, mun ɗauka musun tsohhi na, irin wanda ba shi taɓa kowa.

Shi yat tasa Kawun ruga gaba sai ya yi katin zaɓe. Kawu ya ba hamsin baya bai taɓa yi ba. Yac ce, "Baba, mu da shanu mi ya haɗa mu da wanga?" Tsoho yac ce, "Wanda ba shi cikin takarda, ran da anka ce ba a san shi ba, mi za shi nuna?" Ni niɗ ɗauke su bisa mashin, su biyu, sau uku muna zuwa Wurno. Yau ba wuta, gobe mai na'ura ya tahi suna. Ran da katin yah hito Kawu yad daɗe shina kallon hotonai, yac ce sun rage mai hanci.

Garinmu muna da al'ada, ana ce mata baki guda. In zaɓe ya matso, masu gida su taru ƙohwar mai gari a yanke wanda za a yi, kowa shi koma shi gaya ma iyalinai. Tsoho shina zuwa shi saurara, bai taɓa cewa i ko a'a ba. Ba a kuma matsa ma kowa, akwati kan hito da 'yan ƙuri'u warwatse, a yi dariya a wuce.

Zaɓen da yaw wuce ba a yi dariya ba. 'Yan bindiga sun matso. An bar noman gonakin nesa. Waya in ta yi ƙara cikin masallaci, sai ka ji liman ya gajarta sura. Ana haka wakilin wani ɗan takara yaz zo yac ce mai gidansu ya yi alkawari: garin da akwatinai yah hito wankakke, ko ƙuri'a guda ba ta ɓalle ba, nan za a hwara aje sansanin jami'an tsaro. Ba ni zagin mutanenmu. Mai ɗiya mata huɗu cikin gida in yaj ji wagga magana, ba tsarin mulki shike tunani ba.

Ranar zaɓe Tsoho yash sha riga yah hau bayana. Da layi yaz zo kainai, na'urar tantancewa taƙ ƙi shi. Yatsan ya suɗe, shekara saba'in hauya na cinai. 'Yar bautar ƙasar da ke riƙe da na'urar, baiwar Allah, ta goge mai, ta hura, ta sake. Tsoho ya lasa, ya goga ga gemu, ya goga ga hula. Anka koma ga huska. Na'ura tad dubi Tsoho, tad dubi hoton da anka ɗauka tun gemun na da sauran baƙi, ido bai yi yana ba, tac ce ba ta san shi ba. Nic ce, "Tsoho, ka gani, har ƙarhe ya ce wa'adinka ya cika." Bai yi dariya ba. Yaz zamna gehe cikin rana, ana gwada shi ana sakewa, har anka ruhe layi. Gari duka ya gani: Tsoho bai jehwa ƙuri'a ba.

Anka zazzage akwati gaban kowa, ana ɗaga takarda guda-guda ana kiran alama, muna amshi. Can wajen ƙarshe taɗ ɗaga wata, tak kira alama daban. Ba wanda yay yi amshi. Tas sake kira, ta ɗauka ba mu ji ba. Wakilin ɗan takara yat tashi yak kaɗe wando, yac ce ma mai gari, ba da ƙarhi ba amma kowa ya ji, "Akwai munahuki garinku. Ku hiddo shi, sannan mu yi magana."

Kahin magariba an riga an san ko wane na. Ba don an gani ba. Wa yay yi sabon kati? Wa ke zamne bakin daji? Wa za a ce ba shi son soja kusa? Duk inda ka bi, ruga kake ɓullewa.

Washegari da sahe Kawu yaz zo zaure, ina nan ina ɗaure ma mashin sarka. Yad durƙusa yac ce, "Baba, an ce za a yi rantsuwa."

"Na ji."

"Baba, ni ban san inda nid dangwala ba. Takardar ta hi rawanina tsawo, alamomi sun yi min yawa. Ina jin daidai niy yi. Amma da ina jin ba a ɗora hannu bisa Alƙur'ani."

Tsoho yac ce, "Ko ka sani, ba wanda ad da ikon tambayarka. Tashi ka tahi wurin shanunka."

Anka taru ƙohwar mai gari da hantsi. A yi mai adalci, mai gari yac ce shi ba shi korar kowa bisa zato. Sai anka kawo shawara: kowane mai kati shi zo shi rantse ba shi na ba, wanda yak kasa shi tattara shi bar gari. Malam yac ce a ɗaga hannu. Hannuwa sunka tashi kamar karan dawa. Na Malam yah hwara, na Baffa yab bi. Nawa ma, in gaya muku gaskiya, ya kai kunne, sannan nim mai da shi susa. Na Tsoho na bisa gwiwa.

Liman yak kawo Alƙur'ani cikin gahwakatai ta hwata, huskatai ba daɗi, ya aje bisa buzu.

To garinmu ba a riga babba. Tuwon suna, babba ka hwara sa hannu. Gayya, shi ka hwara sara. Ko kabari, shi ka hwara zuba ƙasa. Balle rantsuwa. Wanda yat tsallake na gaba da shi yat tahi ga Littahi, ana cewa mutuwa yay yi mai hwata, kuma ba a manta ma gidansu har jikoki. Tsoho ad da shekaru bisa kowa. Mutane har sun ji daɗi, don wanda bai ko jehwa ba, rantsuwatai shan ruwa ta.

Mai gari yac ce, "Baba, bisimilla, ka buɗe muna."

Tsoho yac ce, "Ba ni yi."

Mai gari yag gyara zama.

"Baba, kai ko jehwawa ba ka yi ba. Kowa ya gani."

"To bisa mi kuke so in rantse?"

"Al'ada dai. Ka buɗe, sauran su bi."

"Na san abin da ke bayan ƙohwar. Ba ni buɗewa."

Baffa yam matso da gwiwa, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, don Allah. Ɗiyanmu."

"Ɗiyanai hwa?" Ko duban inda Kawu shike bai yi ba.

Wani daga baya yac ce, "An ɗaga hannu. An hi ka yawa."

"An hi ni, ban yi musu ba. Ku kunka yanke a yi rantsuwa, to ku yi. Ga Littahi, ga hanya. Mai gaggawa shi tsallake ni." Yam miƙe ƙahwahunai biyu tsakanin jama'a da gahwaka.

Ba wanda yat tashi. Wani mai ji da ƙarhi ya yunƙura, ubanai yaj ja mai riga har tay yage. Malam yac ce, "Wanga ba dimokuraɗiyya ba ta, mutum guda shi tsare gari."

Tsoho yac ce, "Ban tsare kowa ba, Malam. Zamne nike. Wanda yash shiga bayan kariya yad dangwala, ranar ruwanai ta. Ba ni cikin masu toshewa."

Anka tahi azahar, shi nan yay yi sallatai da alwalar hantsi. Anka dawo, shina nan. Rana ta juyo bisa kainai, nik kawo mai ruwa yaƙ ƙi sha, kada hitsari shi tashe shi. Anka kawo surukinai shi roƙe shi. Anka kawo wani da yat taɓa tsamowa daga gulbi shekarar ambaliya. Kowa shi gaisa da shi da kyau, shi tambaye shi iyali, ƙahwa na inda take. Da la'asar liman yaɗ ɗauki gahwakatai, yac ce shi ba shi barin Littahin Allah cikin rana ana jayayya bisa kainai. Mai gari yac ce an ɗage har Baba shi sake tunani. Kowa ya gane ranar da ake jira.

Tsoho ba a kore shi ba, ba a zage shi ba. In ya yi sallama a amsa ciki-ciki. Masallaci a bar hili tsakaninai da na kusa da shi, wanda akuya ka iya wucewa da ɗiyanta. Mata sunka bar shigowa aron turmi. Lokacin cirar albasa yay yi gayya, Tsohuwa ta dama hura ta mutum talatin. Ni niz zo, da Kawu da matatai, da Malam, wanda ko guda bai cire ba, ƙarasa musu yak kawo shi. Baffa ya bar cin tuwo da shi, gida guda. Na ji Tsoho ya taɓa tambayar Tsohuwa ko ita ma tana ganin laihinai. Tac ce, "Ni ban ce ka yi daidai ba. Na ce ka ci tuwo."

Sansani bai zo ba. Bayan watanni, ranar kasuwar Goronyo da rana tsaka, anka tare hanya. Anka kashe mutum biyu 'yan garinmu, anka kora shanun huɗar Baffa. Guda cikin mamatan shi na wanda yac ce ma Tsoho an hi shi yawa. Tsoho yat tahi gaisuwa da damin gero, matar tas sa anka maido mai har ƙohwar gida. Da yamma Baffa yat tsaya bakin zaure, bai shiga ba, yac ce, "Baba, ka ga abin da ƙuri'a guda taj jawo muna." Ran nan ɗai nig ga rediyo kashe.

Geron nan kuwa ya koma gidan matar. Ni ka kai shi, sussukakke, duk ranar Jumu'a, in ce saƙon Gwaggo na daga Maikujera. Gwaggo da ko tsaba ba ta taɓa aikowa ba ta sha addu'a har ta yi ƙiba.

Da zahin kaina wata rana nish shigo da labari: garin da ke gaba da mu, da akwatinsu yah hito wankakke tas, su ma ko hular soja ba su gani ba. Nic ce bari in hau mashin in bi gida-gida.

Yac ce, "Zamna, Ɗan'adawa. In ka hwaɗi haka, ka ce ke nan da sun samu, da ni ad da laihi."

"To da sun samu hwa?"

Yac ce, "Da ya hi min zahi. Amma da ban tashi daga gaban gahwaka ba."

"Tsoho, tsakaninka da Allah, ka san mai ƙuri'ar?"

"Ban sani ba. In ka ji, kada ka gaya min."

Shekara biyun ga na ƙarshe, ni dai gani nike da gangan yay yi su. Mutumin da bai taɓa yarda da allura ba, shi ka tashe ni in kai shi asibiti Wurno. Anka ce shi bar gishiri yab bari, anka ce shi bar goro yab bari, shina zagin likita shina haɗiyar ƙwaya. Nic ce, "Tsoho, tazarce kake nema?" Yac ce, "Ɗan ƙari dai." Allah ya ba shi iyakar abin da yab ba shi.

Ran addu'ar bakwai, ana shahwa Fatiha, tun hannuwa ba su sauka ba, wakilin nan yay yi gyaran murya. An hwara maganar wani zaɓen, ya dawo da sabuwar mota da tsohon alkawari. Yac ce, "Allah shi gahwarta ma Baba. Sai dai akwai maganar da anka ɗage."

Da sahen nan na wuce ta ruga. An kwance bukka guda, an naɗe tabarmi an ɗaure, an sa ma maruƙa igiya.

Mai gari yad dubi liman, liman yad dubi ƙasa. Anka aika anka kawo gahwaka. Anka shiga tambayar wa ab babba yanzu, ko da kowa ya sani. Malam na. Wata bakwai ɗai Tsoho yab ba shi. Wakili har ya yi murmushi, don an gaya mai hannun wa yah hwara tashi.

Malam yad dogara sanda yat tashi. Taku goma, yay yi su kamar za shi Rabah a ƙasa. Yat tsaya gaban gahwaka.

"Ni har gobe ina bisa bakana," in ji shi. "Dimokuraɗiyya ta. Masu yawa ad da magana. Ina da hujja uku da ban kai ga gaya mai ba."

Wakili yac ce, "To bisimilla, Malam."

"Ɗan nan, ban gama ba. Shekara arba'in muna musu, bai kada ni ba, ban kada shi ba. In niɗ ɗora hannu nan yau, za a ce jira niy yi anka binne shi sannan nic ci. Ba ni cin musu haka." Yaj juya, yal lallaɓa yaz zamna ƙasa, yam miƙe ƙahwa. Ƙahwar Malam gajera ta, ko rabin hanya ba ta tare ba.

Wakili yac ce ma mai gari, "Wanga wasa na. A tsallake shi."

Mai gari yac ce, "Kai ka tsallake, in kana da kati garin ga."

Wani yat tambaya, to bayan Malam wa? Anka ce liman. Liman yac ce shi mai riƙon Littahi na, a bar shi. Anka yi ta jerawa, kowa anka ambata shi duƙar da kai, har anka zo ga Baffa. Baffa da kwana bakwai bai ɗago ba, yaɗ ɗago. Yac ce, "In ta zo kaina ma, kada ku wahal da liman." Yas sa hannun riga bisa huska. Sai lokacin kukan yaz zo mai.

Ba a soke rantsuwar ba, kada in yi muku ƙarya. An sake ɗagewa na.

Ni nik kai Kawu ruga bisa mashin. Munka isa. Yas sauka yad dubi kayan da anka ɗaure, yac ce ma matatai ta kwance tabarmi, bukkar a bar ta tukuna. Sannan yat tambaye ni, "Malam shekarunai nawa?"

Nic ce, "Yaro na, shekaranjiya anka yaye shi."

Bai yi dariya ba. Yac ce, "Mi shike ci da sahe?"

Tun ran nan ƙwaryar kindirmo ka riga rana isa ƙohwar Malam. Malam na sha shina ƙorahi, wai ana son a sauya mai ra'ayi da nono, shi kuwa ra'ayinai bai sake ba. Jiya ya yi tari sau biyu cikin sahu, nig ga kawuna sun juya, wasu don tsoro, wasu ban san don mi ba.

Allah shi jiƙan Tsoho, shi yalwata mai makwanci, shi yahe mai taurin kainai in laihi na. Ku da kunka karanta, ku sa shi cikin addu'a. In akwai sauran wuri, ku roƙa ma Malam tsawon rai.